Firam ɗaya, shafi 16: kundin aikin haɗa kan sarkin goyon bayan Falasɗinu, 1947 zuwa 1983

14 ga Yuni, 2025

Yau aka tsayar da iyakar aikin. Firam ɗaya za mu haɗa, shafi 16 masu girman A4, layi huɗu, kowane layi shafi huɗu, yadda ake jerawa a gasar masu tara kan sarki. Batun shi ne kan sarkin da ƙasashe suka fitar don nuna suna tare da Falasɗinawa a lokutan yaƙi, daga 1947 zuwa 1983. An so a jawo shi har zuwa yaƙin Gaza da ya fara a 2023, amma shafi 16 ba za su ɗauka ba. In aka matsa, kowane zamani ɗan wuri kaɗan kawai zai samu, alƙalan gasa kuwa ba sa raga wa firam ɗin da ya ɗebo abin da ya fi ƙarfinsa. Cikin abin da aka yanke, wanda ya fi yi mana ciwo shi ne na Hukumar Falasɗinawa na 1994, da aka buga a Jamus da farashi a mil, kuɗin zamanin mulkin Ingila, Isra'ila ta ƙi amincewa, aka soke mil ɗin da baƙin layi aka mai da shi fils a 1995. Wannan sai wani firam.

Ba ƙasa-ƙasa za mu jera ba, aikin da kan sarkin ya yi za mu bi. Iri uku ne, ko da yake masu sayarwa a intanet sukan tara su wuri guda su rubuta Falasɗinu a kai. Akwai na haraji: ba ya biyan kuɗin kai wasiƙa, dole ne dai a manna shi kusa da na aikawa, kuɗinsa ya tafi asusun taimako. Jodan, Iraki da Labanan sun yi haka. Akwai na mulki, wato na Masar da na Jodan da aka buga wa sunan Falasɗinu a sama, aka riƙa sayarwa a gidajen waya na yankunan da sojojinsu suka riƙe a 1948. Sai na tunawa da nuna goyon baya, irin na kisan ƙauyen Deir Yasin da na gobarar Masallacin Ƙudus. Waɗannan na ƙarshen sun fi kyan gani, sun fi yawa, sun fi araha. Amma a ganina na harajin ne zai riƙe firam ɗin, domin a nan ne kaɗai za ka ɗaga ambulan ka nuna cewa wani ya zaro kuɗi daga aljihunsa saboda wannan magana, ran kaza, a gari kaza. Kan sarkin da bai taɓa hawa wasiƙa ba, abin da gwamnati ta ce kawai yake nunawa.

Layin farko: shafin gabatarwa da na haraji. Na biyu: na mulki. Na uku: 1957 zuwa 1966. Na huɗu: 1967 zuwa 1983.

Kayan aiki: kundin ajiya mai shafi 32, ₦22,000, hantsaki mai faffaɗan baki marar kaifi, ₦7,000, gilashin ƙara girma mai ninki 10, ₦9,500, ma'aunin haƙoran gefen kan sarki, ₦4,000. Jimla ₦42,500. Hantsakin cire gashi da ake sayarwa a kasuwa ba ya yi, bakinsa mai tsage-tsage ne, yana barin sawu a danƙon baya.

21 ga Yuni

An fitar da jerin abin da ake nema daga kundayen Stanley Gibbons da Scott, masu jera kan sarkin ƙasashe da lamba. Lambobinsu ba ɗaya ba ne, kuma Scott yana kai na haraji can ƙarshen jerin kowace ƙasa da haruffan RA a gaba, na yankunan da aka mamaye kuma da N. Wanda bai san haka ba zai duba 1947 ya rantse babu su.

29 ga Yuni

Na Jodan sun iso: guda 9 na harajin 1947, daga mil 1 zuwa mil 100, dala 14, da ambulan ɗaya, dala 38. Cikakken jerin guda 12 ne, zane uku: masallacin Annabi Ibrahim na Khalil a ƙananan farashi, Ƙubbatus Sakhra ta birnin Ƙudus a na tsakiya, garin Akka a manyan, har zuwa fam ɗaya na Falasɗinu. Mun bar mil 200, mil 500 da fam ɗin tukuna. Bugun sassaƙe ne, tawadar ta ɗago sama da takardar. In ka haska fitilar waya daga gefe za ka ga layukan suna yin inuwa. Wanda ya zo sumul babu wannan tudun, a ajiye shi gefe.

Abin lura a shafi na 2: waɗannan sun fito ne a ƙarshen Mayun 1947, wata shida kafin ƙudurin raba ƙasar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi ran 29 ga Nuwamba, kusan shekara guda kuma kafin sojojin ƙasashen Larabawa su shiga ran 15 ga Mayun 1948. Don haka kada a rubuta musu «kan sarkin yaƙin 1948». Sun riga yaƙin, yaƙin ne ya tarar da su a kan kanta.

Ambulan ɗin shi ne abin kallo. Ƙa'idar ita ce wasiƙar da za ta fita waje a manna mata na haraji da ya kai rabin kuɗin aikawa. Namu daga Amman ya fito zuwa Landan a 1948: na aikawa mil 20 mai hoton Sarki Abdullahi, na haraji mil 10, lissafi ya tashi daidai. Amma lissafi kaɗai bai isa ba, don abu ne mai sauƙi mutum ya samo tsohon ambulan ya ƙara masa na haraji ya ninka kuɗinsa. Abin da ake dubawa shi ne hatimin gidan waya ya hau kan sarkin ya zarce kan takardar ambulan, da'irar ba ta karye ba, tawadar launi ɗaya ce da ta ɗaya hatimin. A namu hatimi guda ya kama duka biyun, ƙasan da'irar ya sauka a ambulan. Ta baya akwai yagewar bakin ambulan inda aka buɗe da hannu, kuma wannan ba aibi ba ne a wurinmu. Wasiƙar da aka aika don a karanta ce, ba wadda mai tara kan sarki ya shirya wa kansa ba.

Daga baya an buga wa wasu daga cikin jerin nan PALESTINE don Gaɓar Yamma, wasu kuma aka buga musu kalmar aikawa a 1953 suka koma na wasiƙa zalla. Zane ɗaya, aiki uku. Za mu jera su kusa da juna a shafi na 3.

6 ga Yuli

Ba a saya komai ba. An gwada haƙoran na Jodan, an rubuta. Adadin haƙoran da ke cikin santimita 2 ake ƙirgawa, na sama tukuna sannan na gefe.

13 ga Yuli

Tarin na Masar ya zo, guda 31, dala 45, dukkansu masu hoton Sarki Faruƙu da bugun Falasɗinu a sama cikin Larabci da Turanci. Araha ba ta ado: 7 daga ciki jabu ne. Kan sarkin kansu na gaske ne, bugun saman ne aka ƙara daga baya, domin na Masar marar bugu ana samunsa tuli a banza, mai bugun kuma yana da ɗan kuɗi.

Ga yadda suka faɗo, daga mai sauƙi zuwa mai wuya.

Biyu hatiminsu ne ya tona su. Ɗaya yana ɗauke da hatimin Iskandariyya, ana iya karanta 46 a wurin shekara. Bugun Falasɗinu bai wanzu ba sai 1948, kuma ba a Iskandariyya aka yi amfani da shi ba. Hatimin da ake so a gani shi ne na Gaza, Khan Yunus, Rafah ko Deir al-Balah. Akwai kuma na garuruwan da Masar ta riƙe na 'yan watanni kawai, irin su Majdal da Bi'ir Saba'a. Bi'ir Saba'a ta fita hannun Masar ran 21 ga Oktoban 1948, Majdal ta bi a farkon Nuwamba, saboda haka hatiminsu yana da tsada, kuma duk wanda ya zo da kwanan wata bayan nan abin tuhuma ne.

Uku aka kama da gilashi. A na gaske bugun saman ya riga hatimi, don haka tawadar hatimi ce ke bisa haruffan. A waɗannan haruffan ne suka hau hatimin. Ana ganin haka a inda layukan biyu suka gitta: karkata kan sarkin a ƙarƙashin haske, wanda ke sama shi ke ƙyalli ba tare da yankewa ba. Gilashi mai ninki 10 yana nunawa amma da ƙyar. Hoton sikana mai ɗigo 1200 a inci da aka buɗe a kwamfuta ya fi fitar da shi.

Biyun ƙarshe sababbi ne, ba hatimi, su suka fi cin lokaci. Bugun gaske da haruffan ƙarfe aka danna shi, don haka tawada takan taru a gefen kowane harafi ta bar tsakiya da ɗan haske, a baya kuma wani lokaci za ka ga ɗan kumburin dannawa. Na jabun baƙi ne wuluk, yana zaune a saman takarda yana sheƙi, da ƙananan ɗigo-ɗigo warwatse a kewayen haruffa. Aikin firinta ce mai hoda. Tsawon kalmar ma ya ɗara na sauran da kusan rabin milimita, kuma ɗigon harafin fa ya zauna a karkace.

Mai sayarwar ya mayar da dala 20 bayan an tura masa hotuna. Jabun ba za mu zubar ba, an rubuta musu da fensir a baya, za su zauna don kwatance. An ƙara fitilar UV, ₦12,000.

Gargaɗi ga layi na biyu: na Jodan masu PALESTINE a kife ko bugu biyu, da na Masar na 1953 da aka soke fuskar Faruƙu da layi uku bayan an hamɓarar da shi a Yulin 1952, duk wuraren da 'yan jabu suka fi wasa ne. Layi uku madaidaita kowa na iya bugawa. Ba za mu sa ko ɗaya mai «kuskure» a firam ba sai da takardar shaidar ƙwararru.

19 ga Yuli

Duba tambarin cikin takarda. Na Masar na wannan zamanin suna da kambi da harafin fa, an maimaita su ko'ina. Hanyar da aka saba ita ce a kifa kan sarkin a baƙin faranti a ɗiga masa ruwan laita, tambarin ya bayyana, ruwan ya bushe cikin minti ɗaya ba tare da ya taɓa danƙo ba. Matsalar ita ce na Masar bugun hoto ne na Sashen Safiyo, kuma tawadar irin wannan bugu ba kowace ke jure ruwan ba. An gwada a kan wani yagagge da ba a buƙata, launin ya ɗan zubo a gefe, fuskar ta dushe. Sauran sai aka bi da su a bushe: a kife a kan baƙin tayil, fitila daga gefe a kwance, ɗaki da duhu. Yana fita, sai dai a hankali.

An kuma samu na mil 10 kore da Masar ta fitar a Yunin 1948 don tunawa da shigar sojojinta Gaza, mai taswira da jerin sojoji. Shi zai buɗe shafi na 5.

2 ga Agusta

Damina ta yi mana ɓarna. Guda huɗu a haɗe na Kuwait na 1970, masu hoton 'yan gwagwarmaya da Ƙubbatus Sakhra a bayansu, sun manne da takardar kundin ajiya. Dalili biyu: laima ta jiƙa danƙon, kundin kuma a kwance yake da wasu littattafai a kansa. Danƙo mai laima in aka danne shi, aikin da aka yi shi dominsa yake yi.

Ba a ja shi. An sa soso mai ɗan ruwa a ƙasan roba mai murfi, aka ɗora raga a sama yadda takarda ba za ta taɓa ruwan ba, aka yanko ɓangaren shafin da suka manne aka kwantar a kan ragar, aka rufe. Bayan kamar minti 25 gefe ɗaya ya saki, aka zura bakin hantsaki a hankali. Sun fito ba yagewa, amma danƙon ya yi dabbare-dabbare, biyu sun kwaso gashin takarda. Ta gaba lafiya lau, za su iya shiga firam, sai dai darajarsu ta faɗi kuma haka za a rubuta a rajista.

An sayo ma'aunin laima, ₦8,500, ya nuna 78 cikin ɗari a ɗakin. Abin da ake so tsakanin 45 ne da 55. An sayo akwatin roba mai murfin da ke kamewa da silika rabin kilo, ₦15,000. Cikin akwatin yanzu 52. Silikar mai launin lemo ce, in ta ƙoshi da ruwa takan koma kore, sai a gasa ta a oven a zafin 120 na awa ɗaya zuwa biyu ta dawo. Kundaye a tsaye daga yau, ba a matse ba, kuma a buɗe shafukan su sha iska duk mako.

An kuma ga ɗigon tsatsa a haƙoran guda uku na Jodan. An ware su, don yana yaɗuwa zuwa maƙwabta. Ba za a wanke da bilic ba: yana cin takarda, kuma a ƙarƙashin UV wurin da aka wanke yakan yi haske daban, alƙali zai gani.

9 ga Agusta

Na Iraki da Labanan, dala 22. Iraki ba ta zana sabo ba. Ta ɗauko kan sarkin kuɗin shiga da na wasiƙa da take da su a ajiye, wasu da hoton Sarki Faisal na Biyu yana yaro, ta buga musu «Inƙazu Filasɗin», wato ceton Falasɗinu, da sabon farashi na fils 2, 5 ko 10. A lokacin sojojinta suna riƙe da yankin Jenin, Nablus da Tulkaram. Labanan ma na kuɗin shiga ta yi wa ƙarin bugu, kurush 5. Ba su da kyau ko kaɗan, bugun yakan karkace, wani ya hau fuska, amma gaggawar da aka yi su da ita a bayyane take, kuma ita ce labarin shafi na 4.

Wajen rajista a kula da lambobin Larabci. Biyar ɗinsu da'ira ce kamar sifili, shida kamar bakwai ɗinmu, biyu da uku kuma haƙori ɗaya ne ya raba su, in bugu ya cika tawada sai su zama ɗaya. Wanda ya yi karatun allo shi ma ya tuna cewa a rubutun gabas fa ɗigo ɗaya ne a sama, ba a ƙasa ba.

Huɗu sun zo a kan yankin ambulan, na haraji da na aikawa a ƙarƙashin hatimi guda. Ba za a jiƙa su ba. Rabuwarsu da takardar nan ita ce rabuwarsu da shaidarsu.

16 ga Agusta

An jiƙa na banza guda 40 don a samu na musanya. Ruwa mai ɗumi-ɗumi, minti 15, masu gefen ja da shuɗi na jirgin sama a kwano daban saboda suna zuba. Bushewa a kife, sannan danni.

21 ga Agusta

Rubutun shafi na 14 ya tsaya saboda hoto. Gobarar 21 ga Agustan 1969, wadda wani ɗan Ostareliya, Denis Michael Rohan, ya tayar, a masallacin da ke kudancin harabar Al-Aƙsa ta tashi, mai dogon zaure da ƙaramar ƙubba, inda ta cinye mumbarin da Nuruddini ya sa aka sassaƙa a Halab, Salahuddini ya kawo bayan ya karɓi birnin Ƙudus a 1187. Amma ginin da aka fi sawa a kan sarkin goyon baya shi ne Ƙubbatus Sakhra, mai kusurwa takwas, da Abdulmalik ɗan Marwan ya gina wajen 691. Ba ita ta ƙone ba.

Ba za mu rubuta cewa masu zanen sun yi kuskure ba, domin a wurin Musulmi sunan Al-Aƙsa ya haɗe harabar gaba ɗaya, gine-ginen biyu duk a ciki suke. Abin da za mu yi shi ne a ƙarƙashin kowane kan sarki a faɗi ginin da ke jiki da sunansa. Na Masar na 1970, na cika shekara da gobarar, zai zauna a tsakiya.

Wani abin da ya fito da aka jera su: launin ƙubbar yana nuna zamani. A na Jodan na 1947 rufin dalma ne mai duhu. Ruwan gwal ɗin da kowa ya sani ya zo ne da gyaran da aka kammala a 1964.

Gobarar ce ta jawo taron Rabat na Satumban 1969 da ya haifi Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, da Nijar da Chadi cikin waɗanda aka kafa ta da su. Wannan jimla ɗaya za ta zama gada zuwa shafi na 15.

6 ga Satumba

Deir Yasin, dala 17. Zane ɗaya ne ƙasashe suka raba: wuƙa a soke cikin taswirar Falasɗinu, jini na ɗiga, don tunawa da kisan 9 ga Afrilun 1948. Muna da na Masar, Jodan, Iraki, Kuwait, Siriya da Labanan na 1965, da na Aljeriya na 1966. In an jera su a shafi ɗaya, bambancin ɗab'i yana fita sarai, wani jan ya yi jawur, wani ya koma ruwan ƙasa.

A nan ne ake ruɗewa da na Gaza. A shekarun 1960 Masar ta daina yawan bugun sama, sai ta riƙa fitar da zane ɗaya sau biyu: na gida, da na Gaza mai wani launi da kalmar Falasɗinu a cikin zanen. Ɗan kasuwa yakan turo na gida a farashin na Gaza, ba lallai da mugun nufi ba. A nemi kalmar, kada a dogara da launi a hoton waya. Wannan tsari ya tsaya a Yunin 1967 da Isra'ila ta kama Zirin.

Shafi na 9 ya samu na 1957 mai cewa Gaza ɓangare ce ta al'ummar Larabawa, wanda ya biyo bayan janyewar Isra'ila a Maris ɗin shekarar, da na Shekarar 'Yan Gudun Hijira ta 1960 mai uwa da yaro da taswira.

20 ga Satumba

Layi na huɗu, dala 19. Na Ƙubbatus Sakhra don iyalan shahidai da 'yan gwagwarmaya: Iraki 1977, Indonesiya da Maleshiya 1978, Bangaladash 1980. Sai na Majalisar Ɗinkin Duniya na Janairun 1981 kan haƙƙoƙin Falasɗinawa, guda uku na ofisoshin New York, Janeba da Biyana, da na Indiya na rupi ɗaya mai tutoci biyu, 29 ga Nuwamban 1981. Na Jamus ta Gabas na 1982 mai ƙarin kuɗin taimako, da na Jodan na 1983 kan kisan Sabra da Shatila na Satumban 1982, su za su rufe shafi na 16.

Ranakun fitarwa ba a banza aka zaɓe su ba. 9 ga Afrilu, 15 ga Mayu, 21 ga Agusta da 29 ga Nuwamba suna ta maimaituwa. Za a sa ɗan teburi a shafin gabatarwa.

Abu biyu aka yanke. Jerin Jodan na 1969 kan halin 'yan gudun hijira guda 30 ne, zai cinye shafi biyu. Ɗauri ɗaya mai guda biyar ya isa. Sai na Bangaladash na 1980 mai ɗan gwagwarmaya da bindiga, wanda aka janye kafin a fara sayarwa saboda kuskuren rubutun Larabci. Labarinsa na da daɗi, amma bai taɓa kai wasiƙa bisa ƙa'ida ba. Za a ambace shi a rubutu, ba za a saya ba. Takardun tallafi da ƙungiyar Falasɗinawa ta Fatah ta buga a ƙarshen shekarun 1960 su ma haka: suna da haƙora, suna da farashi, amma ba hukumar gidan waya ta fitar da su ba.

Wasu da suka zo cikin tarin suna da hatimi tsaf a kusurwa, ga kuma cikakken danƙo a baya. Waɗannan a ofis aka buga musu hatimi don sayar wa masu tarawa. An cire su.

4 ga Oktoba

Gwajin shafuka. Takarda fara mai ɗan ruwan madara, nauyin giram 160, marar asid, ₦11,000. Ta giram 80 tana lanƙwashewa da nauyin ambulan. Rigunan shafi na roba marar PVC, ₦15,000. Mai PVC yana fitar da maiƙo da ke jan tawada bayan 'yan shekaru, ana gane shi da warin sabon labulen banɗaki. Aljihunan roba masu baƙin baya na manna kan sarki, dala 28. Ana yanka su da rula ta ƙarfe da reza, a bar milimita ɗaya kowane gefe, a jiƙa gefen sama kawai, ɗan kaɗan, kafin a sa kan sarkin ciki.

A buga rubutu tukuna, a bar shi ya kwana, sannan a manna. Shafin da aka riga aka manna wa abu ba ya komawa firinta.

Matsaloli uku. Ambulan ɗin Amman ya ci fiye da rabin shafi na 2, sai aka rage bayanin. Hoton bayan ambulan da muke so mu nuna dole ya bambanta da ainihin girman da aƙalla kashi 25 cikin ɗari, ƙa'idar gasa ce don kada a ɗauke shi na gaske, an mai da shi kashi 70. Na uku ya fi girma: da aka shimfiɗa shafi 16 a ƙasa aka ja baya, layi na huɗu ya cika da launi, layi na biyu kuma fayau, kan sarki zalla babu ambulan ko ɗaya. A gasa, ilimi da bincike maki 35 ne cikin 100, ƙarancin samuwa 20, kyan shiri 5 kacal. Layin da ke cewa Masar ta gudanar da gidan waya a Gaza ba tare da wasiƙa guda daga Gaza ba, da'awa ce kawai.

Kuɗi zuwa yau: ₦104,000 kayan aiki, dala 204 kan sarki, aljihuna da kuɗin turowa, bayan an cire 20 ɗin da aka mayar. Turowa kaɗai ta ci 41.

11 ga Oktoba

An manna shafi na 3, 4, 10, 11 da 12. An gasa silika.

18 ga Oktoba

Shafi 11 sun kammala. Saura 1, 6, 7, 8 da 13. Na 1 sai ƙarshe, tunda shi ke faɗin abin da ke sauran.

Abin nema yanzu ambulan ɗin kasuwanci ko na iyali daga Gaza ko Khan Yunus, tsakanin 1948 da 1956, mai hatimin da ake karanta gari da rana, in da tambarin masu tace wasiƙa a jiki ya fi. Ba za mu wuce dala 60 ba, kuma sai an turo hoton gaba da baya kafin a biya. Na biyu, ambulan daga Nablus ko Khalil mai bugun Jodan, kafin haɗe Gaɓar Yamma da masarautar a Afrilun 1950. In na biyun bai samu ba zuwa ƙarshen Nuwamba, za a haɗe shafi na 7 da 8, a ba harajin Iraki shafin da ya rage, layukan su ɗan goce.

Laima a ɗaki ta sauko 58. Da hunturu ya shigo za a cire silika daga akwatin, domin ƙasa da 35 danƙo yakan tsage, kan sarki ya naɗe, haƙora su karye wajen miƙar da shi. Murfin dai zai zauna a rufe saboda ƙura.